Gwaggo Mai Agwagi da Shekarar da Zakara Ya Yi Shiru

Ranar Talata da la'asar Allah ya karɓi ran Gwaggo, yayar mahaifina. Gero ya fara fid da kai, tafkin da ke gabas da gidanta ya cika har ya taɓa gindin giginya. Ina Magariya aka kira ni a salula, kafin kabu-kabu ya iso da ni garinmu an riga an kai ta makwanci. Tabarmi na tarar a tsakar gida, mata sun yi jigum, agwagi suna ratsawa tsakanin masu makoki a hankali, ba mai korarsu.

Kwana uku na yi ina zaune ina sauraron abin da ake faɗa a kanta. Wata tsohuwar Bafulatana mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Baiwar Allahn nan daga tafiyar kaza take gane ciwonta." Matan Yekuwa sun zo cike da amalanke biyu, kowace da labarin kazar da Gwaggo ta taɓa ba ta kiwo. Liman ya ce tun yana saurayi sau ɗaya tak ya ji ta ɗaga murya, manyan da ke wurin suka sunkuyar da kai. Wani likitan dabbobi ya zo daga Magariya, ya cire takalmi tun daga zaure, ya ce yana ɗalibi ya fara jin labarin tsohuwar da ta kai wa hukuma agwagwa a tukunya. Sai maƙwabciyarta, wadda katanga ɗaya ta raba su har suka tsufa, ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Allah ya jiƙanta. Na yafe mata zabina, amma ban manta da su ba."

Ƴan matan gidan suka dubi juna. Ba su san zancen tukunya ba, ba su san na zabi ba. A idonsu Gwaggo tsohuwa ce mai raba ƙwai da alewa. Shi ya sa da na koma Magariya na ɗauko sabon kaye, wato littafin rubutu, na fara rubutun nan, tun da sauran waɗanda za su ce mini na yi daidai ko na yi kuskure.

Gwaggo ba ta bar ɗa a duniya ba. Uku ta haifa. Na fari ya koma yana jariri, biyun kuma ƙyanda ta ɗauke su a mako ɗaya, tun kafin a haife ni. Ba ta cika zancensu ba. Sau ɗaya ta gaya mini cewa ciwon ya fara ne a wani gida, aka kulle yaron a ɗaki ana cewa mura ce, yaran unguwa suna shiga suna fita. Ta ce, "Da an faɗa mini, da na tsare nawa a gida." Ta ci gaba da tankaɗen dusa.

Da mijinta ya rasu ƙannenta suka yi juyin duniya ta dawo cikin gari, ta ƙi. Ta zauna a gidan bakin tafki ita da tsuntsayenta: kaji, zabi, tantabaru a cikin tsofaffin tukwane da ta rataya jikin katanga, sai agwagi, waɗanda ta fi so. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce Uwata. Idan na kwana wurinta ina ƙarama, kiran da take yi musu ne ke tashe ni. Takan fito da ƙwaryar dusa rana ba ta gama fitowa ba, ta yi wani sauti daga can cikin maƙogwaro, ba magana ba, ba waƙa ba. Sai ka ga ruwan tafki ya tsage, agwagi sun taso a jere, zabi suna sauka daga bisa itace, har na maƙwabta suna tsallako katanga. Ina kwance cikin zane rabi barci rabi farke, nakan ɗauka duk tsuntsayen duniya ita suke jira.

Takan jiƙa musu ɓawon maɗaci a ruwan sha. Takan sa wa kaza ƙwan zabo ta kwanta, in ƴaƴan suka fito suna gudu uwar tana bin su da mamaki, Gwaggo ta yi ta dariya har da hawaye. Ba ta cin naman agwagwa. In dole ta sa ta sayar da ɗaya, takan juya baya lokacin da mai saye ke ɗaure mata ƙafa. Ta sha gaya mini, "Uwata, in kin shiga gida ki fara duban kajinsu. Za ki san halin da suke ciki kafin su ce miki lafiya lau."

Abin da zan ba da labari ya faru shekara kusan ashirin ke nan. Lokacin ina koyarwa a lakwal a Magariya, da aurena da ƴaƴa biyu. Ƙarshen sanyi ne, radiyo yana ta zancen murar tsuntsaye a ƙetaren iyaka, wai tana share kaji, wai a wasu ƙasashe har mutane tana kamawa. Mu dai muna ji kamar labarin wata duniya.

Baffa, autan su Gwaggo, fataucin kaji yake yi daga kasuwa zuwa kasuwa. Ya ƙetara ya samo kaji da arha irin wadda bai taɓa gani ba. Gidansa ba fili, sai ya ajiye su kwana biyu a akurkin yayarsa. Kwana kaɗan kaji suka fara faɗuwa. Ba wanda ya damu, don kowace shekara a irin wannan lokaci ciwo yakan ratsa kajin gari. Amma sai Gwaggo ta fita bakin tafki ta ga agwagwa ɗaya tana ta juyawa a wuri ɗaya a kan ruwa, wuyanta a murɗe, idonta ya yi fari. Washegari uku. Ta ce ciwon kaji na kowace shekara bai taɓa taɓa mata agwagwa ba, wannan baƙo ne.

Ta haƙa rami ta binne matattun, ta hana kowa ɗauka. Ɗaya kuma ta sa a tukunya, ta rufe da faifai, ta ɗaure bakin da tsumma, ta hau amalanken masu zuwa kasuwa. Baffa ya tare ta a bakin gari. Shi da kansa ya ba ni labarin daga baya.

Ya ce, "Yaya, ina za ki da tukunya?"

Ta ce, "Wurin hukuma."

"Kin san abin da za su yi? A ƙetare ƙone kajin mutane ake yi. Za ki kashe mini sana'a, ki kashe wa gari."

"Auta, matarka ta fige biyu jiya. Jikokinka sun yi wasa da gashin."

"Kaza ce fa, Yaya. Tun kakanni in ta yi laushi yankawa ake a ci."

"Wannan kakanni ba su san ta ba. Matsa wa jakin hanya."

Ina tsaye gaban allo a lakwal a Magariya na ga inuwa a taga. Na waiwaya, sai ga Gwaggo da tukunya a ka, ƙafafunta fari fat da tafiya. Ta ce, "Uwata, ke kika iya yarensu. Zo ki raka ni." Muka je biron ma'aikatan kiwo. Mutumin da muka tarar ya buɗe tukunyar, ya ja da baya da sauri, ya sa muka wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Ya ce za a ɗebi wani abu daga jikin agwagwar a sa a akwatin ƙanƙara a kai Yamai, daga can jirgi ya kai shi ɗakin bincike a Turai. Da na fassara mata, Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. Ni Damagaram ma sau ɗaya na je, ga agwagwata za ta hau jirgin sama."

Aka yi kwanaki ana jira, tsuntsaye suna ta mutuwa gida gida. Ranar da amsa ta dawo aka aiko a kira ni, tunda ana neman mai jin Faransanci ƴar gari. Da hantsi muka shiga garinmu cikin jerin fararen motoci, jandarmomi sun tare hanyar kasuwa. Har yau in na tuna ranar sai in ga kamar a barci na gan ta. Mutane suka sauko sanye da fararen kaya daga ka har ƙafa, fuska a rufe sai ido, da takalman roba, wasu da injin feshi goye a baya. Suna tafiya sannu sannu tsakanin rumbuna, ba ka jin takunsu. Warin magani ya cika iska. Tsofaffi suna ta salati a ƙofar gida.

Akwai namu na Yamai a cikinsu, akwai baƙi daga ƙasashe dabam dabam, irin waɗanda manyan hukumomin duniya ke turawa da gaggawa duk inda annobar dabbobi ta ɓulla. Da suka zo gidan Gwaggo, wata ƴar ƙaramar mace ta tsaya nesa kaɗan ta sauke abin fuskarta. Idonta sirara, gashinta ya fara furfura. Likitar dabbobi ce daga wata ƙasa can gabas mai nisa. Faransancinta yana fita gutsi gutsi, sai na kasa kunne sosai.

Gwaggo ta shimfiɗa mata tabarma a waje. Likita tana tambaya, ina fassarawa, Gwaggo tana amsawa kamar mai karanta allo: wadda ta fara faɗuwa, ranar da ta faɗi, kaskon da ta sha ruwa, gidan da ciwon ya shiga bayan nata. Likita ta rubuta har shafi ya cika, ta ɗago ta ce, "Ki gaya mata ta yi mini rabin aikina."

Sai ta tambaya ko an kawo sababbin tsuntsaye gidan kafin ciwon. Ni kuwa na san amsar. Gwaggo ta ce, "An kawo. Zan faɗi kasuwar da aka sayo su, zan faɗi ranar, don a je a tsare na can. Sunan wanda ya kawo ba zan faɗa ba. A gidana suka kwana, ki rubuta gidana." Na fassara kamar yadda ta faɗa. Likita ta daɗe tana dubanta, sannan ta rubuta kasuwa da rana, ta rufe kayen.

Ba ta tashi ba. Ta ce mahaifiyarta ma agwagi take kiwo. A ƙasarsu a cikin ruwa ake noman shinkafa, agwagi suna bin gonaki garke garke, mai kiwo yana binsu da doguwar sanda. Ciwon nan ya shiga garinsu, kuma a can ba tsuntsaye kawai ya ɗauka ba, har da ƴar maƙwabtansu. Ita da hannunta ta sa aka kashe agwagin uwarta.

Gwaggo ta ce, "Uwar taki tana da rai?"

"Tana da rai."

"Ta yi kuka?"

"Ba ta yi ba. Wata uku dai ba ta yi mini magana ba."

Gwaggo ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "Ta yi ƙoƙari."

Da azahar aka tara mutane a ƙofar mai gari. Aka ce za a kashe duk wani mai fiffike na gida, mai ciwo da mai lafiya, a garinmu da ƙauyukan da ke kewaye, a ƙone a binne, daga baya a ba da diyya. Wuri ya kaure. Mata suna cewa kazar nan ita ce sabulunsu, ita ce maganin ƴaƴansu. Wasu tuni sun sulale suna cusa kaji a rumbu da ƙarƙashin gado. Wani dattijo ya nuna Gwaggo da sanda ya ce ga wadda ta kira mana wannan bala'i. A nan ne ta miƙe, a gaban maza, abin da ba ta taɓa yi ba. Muryarta ta fita har bayan masallaci.

"Ni na kira su! Na binne ƴaƴa biyu a mako ɗaya don wani gida ya yi shiru, akwai waɗanda suka ɗauki gawar a nan wurin. Duk mai son ɓoye kaza ya koma gida ya dubi fuskar ƴaƴansa tukuna. Da nawa za a fara."

Ta koma ta zauna.

Abu ɗaya ta roƙa, a yi wa kowace bisimilla. Likita ta ce ba za a bar jini ya malala a ƙasa ba, don ciwon yana cikinsa. Aka yi ta kai da komowa ta bakina, har aka tsaya a kan cewa Musulmin da ke cikin masu fararen kayan su za su yi aikin a bakin ramin, su ambaci sunan Allah a kan kowace, liman yana tsaye daga nesa.

Kaji ba su ba da wahala ba. Amma agwagin da suka rage sun ga baƙi sun koma tsakiyar tafki, zabi sun haye ƙololuwar itace. Masu fararen kaya suka shiga ruwa har ƙugu, suka dawo hannu banza. Rana ta karkata. Likita ta zo ta tsaya gaban Gwaggo, ta dubi tafkin, ta dube ta. Gwaggo ta ce, "Na ji. Uwata, ce su ba ni irin kayan nasu."

Aka sa mata farar rigar a bisa zanenta, ta yi mata yawa, aka naɗe hannuwan. Aka kore mu bayan igiya. Ta ɗauki ƙwaryar dusa ta taka zuwa bakin ruwa ita kaɗai. Ta ɗan ja abin fuskar ƙasa, ta yi kiran nan nata. Ruwan ya yi ja da hasken yamma. Na ga agwagin sun ɗaga wuya, sun yi jim, sannan suka taho a jere, ruwa yana buɗewa a bayansu. Zabi suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin rumbun maƙwabciyarta kuma, inda matar ta ɓoye nata tun da rana, sai kukan zabi ya tashi, don su ma a gidan Gwaggo suke karyawa kullum. Haka aka gane su. Gwaggo ba ta waiwaya ba. Ta zuba dusar, ta tsaya har suka ci, sannan ta juya baya.

Da aka gama, hayaƙi yana tashi daga ramin, na tarar da ita zaune a kan turmi, hannuwa a cinya. Likita ta cire safar hannu, ta wanke jikinta da magani, ta zo ta durƙusa a gabanta kamar yadda muke durƙusa wa iyaye. Ban san wa ya koya mata ba. Na matso don in fassara, Gwaggo ta ɗaga mini hannu. Suka daɗe a haka.

Kwana biyu bayan nan zazzaɓi ya kama matar Baffa, wadda ta fige kajin. Baffa ya so a yi shiru, Gwaggo ta aika aka gaya wa likita. Farar mota ta ɗauke ta zuwa Magariya, aka keɓe ta a ɗaki ita kaɗai. Mako guda muna leƙenta ta taga, Gwaggo ba ta iya cin abinci. Da amsa ta zo aka ce zazzaɓin sauro ne. Matar ta dawo da ƙafarta. Baffa ya zo ƙofar gidan Gwaggo, bai shiga ba, ya ce, "Kin ga? Ba komai ba ne. Kin kashe mini sana'a, kin tona mini asiri a banza." Ya tattara ya tafi ci rani Najeriya. Shekara biyu ko gaisuwar salla bai aiko mata ba.

Baƙin suka naɗe kayansu suka wuce wani wuri, garinmu ya shiga wani irin shiru. Sai da zakaru suka ƙare muka san su ke riƙe mana asuba. Ladan ya makara har sau uku. Mata suna daka, tsaba tana zuba a ƙasa ba mai tsincewa. Kunamu suka yi yawa a ɗakuna. In na je hutun ƙarshen mako nakan farka in kasa sanin ko dare ne ko safiya, ko ma a wane gari nake. Gwaggo kuwa tana fitowa a lokacin da ta saba, ta tsaya bakin tafki hannu a goye, ta koma.

A bakin rijiya mata suka daina amsa gaisuwarta. Maƙwabciyarta ta toshe ƴar kafar katangar da suke miƙa wa juna wuta. Abin ya yi mini zafi, na ce zan gaya wa gari kajin wa suka kawo ciwon.

Ta ce, "In kin faɗa, zabin mutane za su dawo?"

Na ce, "Ba za su dawo ba, amma za a daina zaginki."

"Ni a nan nake, ba inda zan je, zan iya ɗauka. Shi ki bar masa garin da zai dawo ya tarar."

Ba mutum ko ɗaya da ciwon ya kashe a garinmu. Ba zan ce saboda Gwaggo ne ba, Allah ne masani. Na dai san wadda ta hau amalanke da tukunya.

Da aka yi watanni hukuma ta ce ana iya sake kiwo, Gwaggo ta goge akurkinta da toka, ta bar shi ya sha rana. Ta tafi can gaba da Dungas wurin dangin uwarta, inda ciwon bai kai ba, ta dawo da kaza ɗaya mai kwanci da zakara ɗan tsurut, da ƙwai a cikin ƙwaryar ƙaiƙayi ta rungume a ƙirji. Ƙyanƙyasar farko ƙwan zabi ne. Da suka yi ƙwari ta zuba su a kwando ta zagaya ta ƙofar maƙwabciyarta ta ajiye. Matar ta dubi kwandon ta ce, "Ba su kai nawa ba." Gwaggo ta ce, "Ba su kai ba." Aka karɓa. Haka ta yi ta bi gida gida, tana farawa da waɗanda suka fi zaginta.

Ina garin ranar da zakaran nan ya fara cara. Muryarsa a shaƙe, ya kai rabi ya tsaya, kamar ya ji kunya. Ya sake. Sai na ji wata mata ta rangaɗa guɗa daga tsakiyar gari, wata ta amsa mata. Gwaggo tana kan buzun salla, kafaɗunta suna motsi, ban sani ba dariya take ko kuka.

Kiran nan kuwa ba ta sake yin sa ba har ta bar duniya. Ludayi take bugawa a gindin ƙwarya. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Da muryar nan suka yarda da ni suka fito daga ruwa. Na ajiye ta."

Baffa ya dawo wata rana da hantsi, ya rame, da agwagi biyu a kwando. Ya tsaya a tsakar gida yana juya hularsa a hannu.

Ya ce, "Yaya, na ji ba ki faɗa ba."

Ta ce, "Me zan faɗa?"

Ya nuna kwandon. "Na gidan mutumin da na sani ne. Na ware su mako uku kafin in kawo, ko tari ba su yi ba."

Ta leƙa, ta ɗaga fiffiken ɗaya, ta duba idonta. Ta ce, "Sa su a inuwa. Ka karya kuwa?"

Juma'ar da ta biyo, bayan an sallame, Baffa ya miƙe a masallaci ya faɗa wa mutane da bakinsa kajin wa ne. Da labari ya zo wa Gwaggo sai ta ce, "Auta da surutu."

Daga nan duk lokacin da masu allurar dabbobi suka zo, gidanta suke fara sauka. In awaki suka fara zawo a wani ƙauye, ko kaji suka fara faɗuwa ba a kan lokacinsu ba, ita ake fara gaya wa, ta sa a kira Magariya tun abin bai yi nisa ba. Ba ta da takarda, ba ta da albashi. Idonta ya dushe a shekarun ƙarshe, amma a kawo mata kaza ta shafa ƙirjinta ta saurari numfashinta, ta faɗi abin da ke damunta.

Ganina da ita na ƙarshe gab da faɗuwar damina ne. Muna zaune a rumfa bayan azahar, hadari yana haɗuwa yana watsewa, tana gyangyaɗi tana farkawa. Can ta ce ta yi mafarkin wata gona duk ruwa, kore shar har iyakar gani, wata tsohuwa da doguwar sanda tana bin agwagi. Ta ce, "Uwar likitar nan ce. Ko ta sake yin agwagi?"

Na ce ban sani ba, Gwaggo, tun da suka tafi ba mu sake jin labarinta ba.

Ta ce, "Ƙasar tasu ta wane gefe take?"

Na kama hannunta na nuna mata gabas. Na ce can gaba da Makka ne, da nisa sosai.

Ta bar hannunta a miƙe. Sannan ta yi murmushi ta ce, "Ashe sau biyar a rana ina juya musu fuska ban sani ba. To bari in riƙa sa su a ciki. Miƙo mini buta, Uwata."

Na miƙa mata. Na zuba mata ruwa tana alwala, don hannunta ba ya iya riƙe butar. Ban san shi ne na ƙarshe ba.

Ya Allah, Gwaggo ta zo gare ka ba ɗa a bayanta sai mu. Ka yafe mata kurakuranta, ka sanyaya makwancinta, ka haɗa ta da ukun nan da suka riga ta. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.